Kujerar Na-ƙi: Asalinta da Masu Hawanta

 

An ɗora mini yin magana a kan kalmar nan veto, wadda masu karanta labaru a gidajen rediyonmu suka daɗe suna kira hawa kujerar na-ƙi. Kalmar daga Latin take, harshen Rumawan dā, ma'anarta kuwa "na hana". Iyakar abin da ke cikin ƙamus ke nan, kuma da a nan maganar ta tsaya da ba a tara ku ba. Abin da ya kawo mu shi ne ikon da ke bayan kalmar: a ce mutum ɗaya, ko ƙasa ɗaya, ta ɗaga hannu, shawarar da jama'a masu yawa suka amince da ita ta faɗi nan take. Mai wannan iko ba zai iya tilasta a yi abin da yake so ba, amma zai iya hana a yi abin da kowa ke so. A siyasa kuwa sau da yawa wannan ya ishi mutum.

Mu fara da birnin Rum, domin can aka haifi abin, kuma talakawa ne suka haife shi. A shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, Rum jamhuriya ce da 'ya'yan manyan gidaje ke juyawa yadda suka ga dama. Talaka ne ke zuwa yaƙi, ya dawo ya tarar gona ta mutu, ya ci bashi, in ya kasa biya mai bashi ya ɗaure shi ya mai da shi bawa. Da tura ta kai bango sai talakawa suka yi yaji. Suka kwashe suka bar birnin, suka tare a kan wani tsauni, suka ce ba mai sake ɗaukar mashi don kare garin. Manya suka duba suka ga abokan gaba a kewaye, ga shi babu mayaƙa, ba shiri suka nemi sulhu. Abin da talakawa suka samu a wannan sulhu shi ne wakilai nasu na kansu, biyu da farko, daga baya suka kai goma, aka kuma yi rantsuwa cewa duk wanda ya taɓa jikin wakili jininsa ya halatta. Saboda haka idan jami'in hukuma ya damƙe talaka zai ja shi, wakili sai ya zo ya tsaya a tsakaninsu da jikinsa, ba mai iya ture shi. Shi ya sa su Rumawan suka fi kiran wannan iko shiga tsakani. Ƙofar gidan wakili ba a rufe ta dare da rana, kuma ba ya kwana a wajen birni, don mai neman ceto ya same shi. Da tafiya ta yi tafiya ikon ya faɗaɗa, har wakili ɗaya kan dakatar da doka ko shawarar majalisar dattawa.

To, ku dubi abin da ya faru bayan kimanin shekara 360. A 133 kafin haihuwar Annabi Isa, wani wakilin talakawa mai suna Tiberius Gracchus ya kawo dokar rabon ƙasa. Masu hannu da shuni sun mamaye filayen gwamnati da aka ci da yaƙi suna noma su da bayi, tsofaffin sojoji kuwa na gararamba a birni, ba su da ko taki ɗaya. Dokar ta ce a ƙayyade abin da mutum ɗaya zai riƙe, a raba rarar ga marasa gona. Dattawa ba su tare shi gaba da gaba ba. Lallaɓawa suka yi suka samo wani wakilin talakawa ɗan'uwansa, Marcus Octavius, wanda shi ma yana da filaye masu yawa. Ranar da aka taru, magatakarda ya miƙe zai karanta dokar, Octavius ya ce kada ya karanta. Aka watse. Aka sake taruwa, ya sake hanawa. Tiberius ya roƙe shi a bainar jama'a, har ya ce zai biya shi diyyar filin da zai rasa daga aljihunsa, Octavius ya yi ƙememe. Daga nan Tiberius ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya ce a kaɗa ƙuri'ar tsige shi. Rumawa rukuni-rukuni suke zaɓe, rukuni 35. Plutarch, marubucin tarihi, ya ruwaito cewa da rukuni 17 suka ce a tsige, saura ɗaya magana ta ƙare, Tiberius ya tsayar da zaɓen, ya rungume shi yana lallashi. Octavius ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ɗaga kai ya dubi inda attajirai ke tsaye, ya ce wa Tiberius ya yi abin da zai yi. Aka tsige shi, doka ta wuce. Shekarar ba ta ƙare ba sai da dattawa da yaransu suka far wa Tiberius da kulake da ƙafafun benci, suka kashe shi tare da mabiyansa sama da 300, aka zuba gawawwakin a kogin Tiber.

Garkuwar da aka ƙera don talaka, an sayi mai riƙe da ita an juya ta a kan talakan. Shi kuma Tiberius, da ya ga dokar ba ta bar wata hanyar da za a bi a wuce mai na-ƙi ba, sai ya ture dokar gaba ɗaya, jini ya biyo baya. Ƙarshen tafiyar, a shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa, Augustus, sarkin daular na farko, ya karɓe ikon wakilin talakawa ya haɗa da nasa har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙasar da ta gwada abin har maƙurarsa ita ce Poland, zamanin da take haɗe da Lituweniya, tana cikin mafiya faɗi a Turai. Majalisarta ta 'yan sarauta ce, aƙidarsu kuwa ita ce kowane ɗan sarauta daidai yake da ɗan'uwansa, don haka ba a ɗora wa ko mutum ɗaya dokar da bai yarda da ita ba. Magana ce mai daɗin ji. A 1652 wani wakili mai suna Siciński ya ce bai yarda a ƙara wa'adin zaman majalisa ba, ya fice abinsa. Shugaban majalisa ya ce ba shi da hurumin ci gaba, aka tashi. Daga nan aka samu hanya. Abin da ya sa wannan na-ƙi ta fi kowace illa shi ne ba ta tsayawa a kan dokar da ake muhawara a kanta. Duk abin da aka zartar a wannan zaman ya rushe, har da kuɗin biyan sojoji. A mulkin Sarki Augustus na Uku, kimanin shekara 30, zama ɗaya tak ya kai ƙarshe lafiya. Jakadun maƙwabta suka gane ba sai sun turo runduna ba, wakili ɗaya mai kwaɗayi ya ishe su. Har Rasha da Furushiya suka ƙulla yarjejeniya a 1764 cewa za su tsare wa Poland wannan 'yanci nata kada kowa ya taɓa shi. Ranar da maƙiyinka ya zama mai gadin wata doka taka, ai ka san wa dokar ke yi wa aiki. 'Yan ƙasar sun farga, sun soke ta a tsarin mulkin 3 ga Mayu 1791, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. An fara yankar ƙasar tun 1772, aka ƙara a 1793, a 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka cinye sauran. Sai a 1918 Poland ta sake bayyana a taswira.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 sun karanta tarihin Rum, Poland kuwa a kan idonsu take rugujewa. Suna kuma da nasu ƙorafin a kan sarkin Ingila, wanda ya riƙa kashe dokokin yankunansu, alhali a can gida Ingila rabon da mai sarauta ya ƙi sa wa dokar majalisa hannu tun Sarauniya Anne a 1708. Sai suka ba shugaban ƙasa kujerar na-ƙi, amma suka bar hanyar da za a bi a wuce shi. Yana da kwana 10, ban da Lahadi. In bai yarda ba ya mayar da ƙudurin tare da dalilansa a rubuce, in kuma kashi biyu bisa uku na kowace majalisa suka sake amincewa, doka ta zauna ko yana so ko ba ya so. George Washington sau biyu kacal ya hau kujerar, Franklin Roosevelt sau 635. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na 1986, lokacin da Ronald Reagan ya ƙi sa hannu a dokar ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. Majalisar wakilai ta take shi da ƙuri'a 313 da 83, ta dattawa da 78 da 21, alhali jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a majalisar dattawan.

Wannan tsarin Najeriya ta ɗauko a 1979, yana nan kuma a sashe na 58 na tsarin mulkin 1999: shugaban ƙasa na da kwana 30, kashi biyu bisa uku na majalisun biyu na iya tsallake shi. An yi haka a 2000, da Shugaba Obasanjo ya ƙi sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta. Amma abu ne da ba kasafai ake gani ba. Shugaba Buhari ya mayar da gyaran dokar zaɓe fiye da sau ɗaya a 2018, ya sake mayarwa a Disamban 2021 saboda batun tilasta wa jam'iyyu zaɓen 'yar tinƙe. 'Yan majalisa suka yi ta kumfar baki cewa za su tsallake shi, daga baya suka janye sharaɗin, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022. Hanyar tana nan, rashin masu binta ne. Wannan laifin 'yan siyasa ne, kuma mai zaɓe na iya tuhumarsu a kai.

Yanzu mu zo ga kujerar da kowa ya fi sani, ta Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ita ba a bar wata hanyar wuce ta ba ko kaɗan. Kafin Majalisar Ɗinkin Duniya akwai ƙungiyar ƙasashe da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda a cikinta sai kowa ya yarda ake zartar da magana mai nauyi. Amurka ba ta taɓa shiga ba, Japan da Jamus suka fice a 1933, Italiya ta bi su a 1937 bayan ta mamaye Habasha, aka kori Tarayyar Sobiyet a 1939. Darasin da manyan ƙasashe suka ɗauka shi ne, ƙungiyar da manya ke wajenta ba ta tsinana komai, su kuma ba za su zauna a inda za a iya kaɗa ƙuri'ar yaƙarsu ba. A taron Yalta, Fabrairun 1945, Roosevelt da Churchill da Stalin suka daidaita kan tsarin, aka kai shi San Francisco inda ƙasashe 50 suka taru. Ƙananan ƙasashe, Herbert Evatt na Ostireliya a gaba, suka yi ta turjiya. Sai Sanata Tom Connally na tawagar Amurka ya miƙe ya shaida musu cewa suna iya komawa gida su ce sun kayar da veto, amma su san ba za su koma da wata yarjejeniya ba, ya ɗauki kwafin da ke gabansa ya yayyaga. Aka yi shiru, aka sa hannu. Daga Afirka ƙasashe huɗu ne kawai a wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu ta Turawa. Akasarin sauranmu muna ƙarƙashin biyu daga cikin masu kujerar.

Wani abin lura, kalmar veto ba ta cikin Yarjejeniyar Majalisar ko sau ɗaya. Sashe na 27 cewa ya yi ana zartar da ƙuduri a Kwamitin Sulhu da ƙuri'a tara cikin 15, kuma a cikinsu har da amincewar masu kujerun dindindin: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Da farko kujeru 11 ne da ƙuri'a bakwai, a 1965 aka ƙara. Al'ada kuma ta zaunar da cewa in babbar ƙasa ta yi rowar ƙuri'a, ba ta ce e ba ba ta ce a'a ba, ƙuduri na iya wucewa. Ta wannan kafar ƙuduri mai lamba 1973 ya bi a Maris 2011, wanda ya buɗe wa jiragen NATO sararin Libiya. Rasha da Sin suka kame, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suka ce e. Makaman da suka fantsama bayan faɗuwar Gaddafi kuwa ba sai na gaya wa mutanen Sahel inda suka sauka ba.

Tarayyar Sobiyet ce ta fara hawa kujerar, ranar 16 ga Fabrairu 1946, a kan janye sojojin Birtaniya da Faransa daga Siriya da Labanon. A shekarun farko kusan ita kaɗai ke hawa, har Turawa suka laƙaba wa jakadanta Andrei Gromyko sunan Malam A'a. Dalilin a fili yake: ita ce ba ta da rinjaye. Amurka ba ta buƙatar hawa kujera tunda tana iya hana ƙuduri samun ƙuri'un da ake bukata. Sau ɗaya Sobiyet ta yi sake, a 1950, ta ƙaurace wa zaman don fushin an hana gwamnatin Mao kujerar Sin, kafin ta dawo an amince da tura dakaru Koriya. Ba ta sake barin kujerarta ta yi sanyi ba. Da ƙasashen Afirka da Asiya suka samu 'yanci suka cika zauren, rinjaye ya juya, sai masu hawan suka canza. Amurka ta fara nata a Maris 1970, tare da Birtaniya, a kan gwamnatin Turawa tsiraru ta Rodeshiya. A Oktoban 1974 su uku, har da Faransa, suka hana a kori Afirka ta Kudu daga Majalisar. Zuwa yau Rasha, in aka haɗa da zamanin Sobiyet, ta haura sau 100, Amurka ta haura 80, kaso mai tsoka na nata a kan Isra'ila da Falasɗinu. Birtaniya da Faransa rabonsu da hawa tun Disamban 1989.

Na 'yan shekarun nan kun ji su da kunnuwanku. Rasha da Sin a kan Siriya tun Oktoban 2011. Ranar 25 ga Fabrairu 2022 Rasha ta kashe ƙudurin da ke tir da mamayarta a Yukren, kuma jakadanta ne ke shugabancin Kwamitin a wannan watan. Amurka a kan Gaza: 18 ga Oktoba da 8 ga Disamba 2023, 20 ga Fabrairu 2024, sai 20 ga Nuwamba 2024 inda 14 suka ce a tsagaita wuta ita kaɗai ta ce a'a. Kwana biyu kafin wannan, Rasha ta yi daidai irin haka, 14 da ɗaya, ga ƙudurin Birtaniya da Saliyo kan kare farar hula a Sudan. Kowanne idan ɗayan ya hau sai ya miƙe ya yi masa wa'azi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ina so mu shiga zauren sau ɗaya mu ga yadda abin ke kasancewa, kuma na zaɓi ranar 13 ga Disamba 2021. A wannan watan Nijar ce ke shugabancin Kwamitin, jakadanta Abdou Abarry ne a kan kujerar shugaba, kuma 'yan kwanaki kafin nan Shugaba Bazoum da kansa ya jagoranci muhawara a wurin kan ta'addanci da sauyin yanayi. Nijar da Ailan sun daɗe suna aiki a kan wani ƙuduri da ke neman Kwamitin ya riƙa lissafa sauyin yanayi cikin abubuwan da ke haddasa rikici. Ga ƙasar da ke gaɓar Tafkin Chadi, wannan ba zancen littafi ba ne. Ƙasashe 113 suka sa sunansu a bayan daftarin. Teburin zagayayye ne mai buɗaɗɗen baki, kuma da hannu ake zaɓe. Shugaba ya ce masu goyon baya, hannu 12 suka tashi. Ya ce masu adawa, hannu biyu: Indiya da Rasha. Sin ta yi rowar ƙuri'a. Hannun Indiya, ƙasa mai mutane sama da biliyan ɗaya, an ƙirga shi an wuce. Hannun Rasha shi ya kashe maganar. Shi kuma jakadan da ya wahala a kan daftarin, shi ne ya buɗe baki ya sanar cewa bai wuce ba. Don adalci, hujjar da masu adawar suka kawo ba ta banza ba ce: sun ce batun yanayi na da nasa zauren inda kowace ƙasa ke da baki, kada a ɗauko shi a miƙa wa ƙasashe biyar. Sai dai abin dariya ne a ji wannan hujja daga bakin wanda ke kan kujerar na-ƙi a daidai lokacin.

Duk da haka, na-ƙin da aka gani da ido ita ce mai sauƙi, domin akwai suna da rana. Wadda ta fi ɓarna ita ce wadda ba a taɓa ɗaga mata hannu ba. A Afrilun 1994 aka fara kisan ƙare-dangi a Ruwanda, Najeriya na cikin Kwamitin, Farfesa Ibrahim Gambari ne jakadanta. Najeriya ta gabatar da daftari a madadin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na neman a ƙarfafa dakarun Majalisar da ke can. Ba a ma kai ga kaɗa masa ƙuri'a ba, domin an gane a zaman sirri cewa manya ba sa so. Amurka ba ta farfaɗo daga asarar sojojinta 18 a Mogadishu a Oktoban 1993 ba. Ranar 21 ga Afrilu Kwamitin ya zartar da akasin haka, ya rage dakarun daga kimanin 2,500 zuwa 270, kuma baki ɗaya aka amince. A cikin kusan kwana 100 aka kashe mutane wajen 800,000. Ku binciki jerin sunayen waɗanda suka hau kujerar na-ƙi, ba za ku ga Ruwanda a 1994 ba.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Sun ce shekara 80 ke nan ba a sake yaƙin duniya ba, kuma babu babbar ƙasar da ta tattara ta bar Majalisar. Na yarda da rabin maganar, domin ina ganin tsoron makaman nukiliya ya fi sashe na 27 taka rawa a nan. Kuma kujerar ba ta taɓa hana babba yin abin da ya yi niyya ba. A Maris 2003 Shugaba Chirac na Faransa ya ce zai hau kujera a kan yaƙar Iraƙi. Amurka da Birtaniya suka yi ta zawarcin Angola da Kamaru da Gini da Chile da Meziko da Pakistan, suka kasa haɗa ƙuri'a tara, suka janye daftarin, suka tafi yaƙinsu. Amma ku lura da abin da ƙananan suka yi a nan: bakwai daga cikin goman da ake zaɓa, in suka haɗa kai, su ma suna iya kashe ƙuduri. Afirka na da uku daga cikin goman, kuma ba kullum take sanin nauyinsu ba.

Wannan ya kawo ni ga buƙatar nahiyarmu. A 2005, a kwarin Ezulwini na ƙasar da yanzu ake kira Eswatini, Tarayyar Afirka ta tsayar da matsaya: kujerun dindindin biyu da cikakken iko, da biyar na karɓa-karɓa. Ta ce a aƙida ba ta son veto, amma muddin yana nan to a ba kowa. Ta fuskar mutunci ba abin da za a ce. Ƙasashe 54 cikin 193, nahiyar da rikice-rikicenta ke cinye kaso mafi girma na lokacin Kwamitin, ba za a ce ta dawwama a benci ba. Mun kuma ɗanɗana: a Nuwamban 1996 ƙasashe 14 suka amince Boutros-Ghali na Masar ya zarce a matsayin Babban Sakatare, Amurka ita kaɗai ta ƙi, ya tafi, Kofi Annan na Ghana ya gaje shi.

Amma ni ban sa ran kujeru biyu za su share mana hawaye ba. Ƙasar da ta hau za ta hau ne da sunanta da muradunta, ranar da sojojinta ko abokan kasuwancinta ke cikin magana kuwa, ba Addis Ababa za ta buga wa waya ba. Har yau ma ba a faɗi ko su wa za su hau ba, kuma kowa ya san Najeriya da Afirka ta Kudu da Masar ba za su bar wa juna cikin ruwan sanyi ba. A 2005 ɗin Jamus da Japan da Indiya da Burazil sun yarda su jingine batun veto na shekara 15 don a samu shiga. Najeriya na cikin masu son a daidaita da su, taron Tarayyar na watan Agusta ya ƙi, kowa ya tashi a tutar babu. A Satumban 2024 Amurka ta ce ta yarda a ba Afirka kujeru biyu, amma ban da na-ƙi. Sannan ga sashe na 108: ba a gyara Yarjejeniyar sai dukan biyar ɗin sun rattaba hannu. Wato sai mai kujera ya yarda za a taɓa kujerarsa.

Inda nake ganin ya kamata jakadunmu su sa ƙarfi shi ne tsadantar da hawan. A cikin sashe na 27 ɗin kansa akwai sharaɗin cewa idan ana neman sasanta rikici ta lumana, ƙasar da ke cikin rikicin ba ta kaɗa ƙuri'a. An yi shekaru ana tsallake wannan layin, kuma ba a buƙatar gyaran komai kafin a tuna da shi. Akwai ƙudurin Nuwamban 1950 da ya ba Babban Zauren Majalisar damar ɗaukar magana idan Kwamitin ya cije. Da shi aka bi ta bayan Birtaniya da Faransa a rikicin mashigin Suwez na 1956, aka tura dakarun kiyaye zaman lafiya Masar. Akwai shawarar Faransa da Meziko ta 2015 cewa manya su kame daga hawa idan ana kisan gilla, wadda ƙasashe sama da 100 suka mara wa baya. A Afrilun 2022 kuma Liechtenstein, ƙasa mai mutane kimanin 40,000, ta jagoranci ƙudurin da ya ce duk lokacin da aka hau kujerar, Babban Zaure zai zauna cikin kwanakin aiki 10, a kira mai hawan ya fara magana ya faɗi dalilinsa a gaban duniya. Wannan bai ta da ƙudurin da aka kashe, kuma ya zuwa yanzu bai rage yawan hawan ba. Amma Rasha da Sin da Amurka duk sun zo sun tsaya sun yi bayani, kuma an rubuta abin da kowannensu ya faɗa.

Shugaban taro, na ga takardar da ka turo mini. Na san akwai masu tambaya a kan Gaza da Sudan, don haka a nan zan dasa aya a ba su dama.